Makullin Wa Ake Ɓallewa? Hukuncin Filashin Waya a Dutsin-Ma da Kurfi

Wayar da ta ƙi wuce tambarin kamfani idan an kunna ta, ko ta riƙa mutuwa tana tashi da kanta, ko mai ita ya manta lambar sirrinta, magani ɗaya masu gyara ke ambata mata, wato filashin. Ana jona ta da kwamfuta ta kebul, a goge manhajar da ke tafiyar da ita, a zuba mata sabuwa. A Dutsin-Ma, garin da ɗaliban Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011 da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita suka cika, da Kurfi da ke kan hanyar Katsina, wannan aiki ya zama abincin samari da dama. Ranar Laraba, da kasuwar Dutsin-Ma ke ci, mutanen ƙauyuka kan shigo da matattun wayoyi a aljihu tare da sauran buƙatun mako. Abin da mai waya bai cika sani ba shi ne, kayan aikin da injiniyan ke buɗewa a laftof ɗinsa sau da yawa fasasshe ne. Manhajoji irin su CM2 da UMT da NCK da Miracle ana sayar da su ne tare da ɗan dongul ko akwati da ake soka wa kwamfuta, idan babu shi ba za su tashi ba. Sai wani gwani a wata ƙasa ya zauna ya cire wannan shinge, ya watsa kwafin a intanet kyauta. Shi ne kirak ɗin da ake yawan ji a bakin masu sana'ar.

Tambayar da ke isa gaban malamai daga masu tsoron Allah a cikinsu takan zo a dunƙule: shin kuɗin da na samu da kirak halal ne? Tambaya ce mai kyau, sai dai ta taƙaita a kan haƙƙin mutum ɗaya, wanda ya rubuta manhajar, alhali a teburin mai filashin akwai masu haƙƙi fiye da shi. Ra'ayina shi ne hukuncin aikin yana bin mai makullin da aka ɓalle. Kowane shinge da injiniya ya tsallake, wani ne ya kafa shi don kare wani abu, kuma nauyin laifin yana ƙaruwa gwargwadon kusancin wannan mutum da cutuwa ta zahiri. Idan aka auna da wannan ma'auni, za a ga cewa abin da ya fi damun masu tambaya shi ne mafi sauƙin warwarewa, abin da ba a cika tambaya ba kuwa shi ne mai halakarwa.

A fara da mai manhajar, domin haƙƙinsa tabbatacce ne. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, ta zauna a Kuwait a watan Disamba na 1988 ta yanke cewa sunan kasuwanci da tambari da haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa, kuma bai halatta a keta su ba. Wannan matsaya ba baƙuwa ba ce ga mazhabar Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan Katsina, domin Malikawa tun da can suna ɗaukar amfanin abu a matsayin dukiya, ba sai wanda hannu zai taɓa ba. Dokar ƙasa ma ta bi sahu: Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta haramta tsallake shingen fasaha da mai aiki ya sa don kare aikinsa. Masu ja da wannan suna da hujja, kuma ba ta yara ba ce. Sukan ce wanda ya kwafi manhaja bai rage wa mai ita komai ba, tasa tana nan inda ya bar ta, sannan addini ya yi gargaɗi mai tsanani a kan ɓoye ilimi. An samu manyan malamai, irin su Mufti Muhammad Shafi na Pakistan, da suka ƙi yarda a mayar da wallafa hajar sayarwa, kodayake ɗansa Mufti Taƙi Usmani ya karkata ga halaccin hakan. Amma ko an karɓi hujjar ɓoye ilimi, ba ta kai ga dongul. Yadda ake yi wa waya filashin ba a ɓoye yake ba, yana nan birjik a YouTube, wasu ma da Hausa suke bayani. Abin da aka sa wa farashi shi ne wahalar mutanen da ke bin kowace sabuwar Tecno ko Infinix da ta fito, su gano ƙofarta, su sabunta kayan aikin. Wannan aiki ne, kuma mai aiki yana da lada. Cewa ba a rage masa komai ba ma akwai gyara a ciki, don an rage masa mai saye, kuma wanda aka rage ɗin kasuwanci yake yi da abin, ba karatu ba.

Akwai wata hujja da ta fi wannan kaifi, wadda masu sana'ar suka fi kowa sani. Su kansu masu yin CM2 da Miracle ba da izinin MediaTek, mai ƙera ƙwaƙwalwar wayoyin, ko Transsion, mai Tecno da Infinix da itel, suka yi ba. Sun bi ta ɓarakar da suka gano a cikin ƙwaƙwalwar wayoyin ne suka tsallake tsaron kamfani. To, in ji mai kirak, ɓarawo na sata wa, ina laifina? Amsa ta farko ita ce a fiƙihu wanda ya ƙwace daga hannun maƙwaci bai kuɓuta daga lamuni ba. Amsa ta biyu kuma ta fi muhimmanci, domin ban yarda mai dongul ɓarawo ne ba. Makullin da kamfani ya bari a cikin wayar da ya riga ya sayar ya karɓi kuɗinsa shi ne mafi raunin haƙƙi a duk wannan magana. Ciniki yana mayar da mallaka ga mai saye, kuma wanda ya mallaki abu yana da ikon gyara shi a inda ya ga dama. Ba a Katsina kaɗai ake wannan tunani ba: a 2010 hukumomin Amurka sun halatta wa mai waya ya buɗe tsarin wayarsa, a 2024 kuma Tarayyar Turai ta zartar da dokar 'yancin gyara. Manomin da ke gefen madatsar ruwa ta Zobe, wanda itel ɗinsa ta daskare, ba shi da wani wajibi na addini da ya ce sai ya yi kuɗin mota zuwa Carlcare, ofishin gyara na kamfanin, a birni. Don haka filashin kansa, a wayar mai ita da yardarsa, halal ne babu ko tantama, ko da kayan aikin ba na kamfani ba ne.

Saura batun larura. Gaskiya ne ana sayar da waɗannan kaya da dala, kuma tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023 dalar da gwamnati ke ƙididdigewa ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a cikin 2024. An kuma yi shekarun da bankuna da dama suka dakatar da sayayya a waje da katin naira. Yaron da ya gama koyon aiki ya kafa tebur a bakin tasha da laftof kwance, ba adalci ba ne a yi masa magana kamar ana yi da mai shago a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Sai dai malaman ƙa'idoji sun sa wa larura iyaka biyu: ana auna ta gwargwadon buƙata, sannan ba ta shafe haƙƙin wani. Wanda yunwa ta tilasta ya ci abincin wani bai yi zunubi ba, amma idan ya samu zai biya. Kuma larurar a nan ba ta kai yadda ake kururuta ta ba. SP Flash Tool, wadda ake yi wa wayoyin MediaTek aiki da ita, ba a sayar da ita. Akwai mtkclient, wadda masu ita suka sake ta ga kowa da yardarsu. Wasu manhajojin na kuɗi ana hayar su na 'yan awoyi, a biya dillali da naira, kuma babu abin da ya hana masu gyara uku a layi ɗaya su haɗa kuɗi su sayi dongul guda su riƙa karɓa-karɓa. Wanda ya fara da kirak don babu, idan ya yi niyyar saye da zarar hali ya samu kuma ya cika, ina kyautata masa zato. Wanda ya shekara biyar yana cin riba, ya sauya babur, ya ƙara aure, har yanzu yana kiran larura, ya san da kansa cewa ba ita ba ce.

Daga nan maganar take yin nauyi, domin mai haƙƙi na gaba yana tsaye a gaban teburin. Mazhabar Malik ta shahara da hukuncin lamunin masu sana'a: wanda ya kafa kansa yana yi wa jama'a aiki, tela ko marini ko maƙeri, idan aka bar masa kaya suka ɓace ko suka lalace a hannunsa, shi zai biya, sai idan ya kawo shaidar cewa ba da sakacinsa ba ne. Risalar Ibn Abi Zaid, da kusan kowane almajirin ilimi a ƙasar Hausa ya ratsa, ta kawo wannan, Imam Shaɗibi kuma ya ba da shi misali na hukuncin da aka gina a kan maslahar jama'a, tun da mutane ba su da makawa sai sun miƙa kayansu ga wanda ba za su iya sa wa ido ba. Har sharaɗin da wasu ke rubutawa a bango, cewa shago ba shi da alhakin abin da ya faru, a mashahurin zancen mazhabar ba ya sauke lamuni, kodayake Ash'habu, almajirin Malik, ya saɓa. Mai filashin zai iya kare kansa da wani sassauci da malaman suka yi, cewa aikin da asalinsa akwai kasada a ciki, kamar huda lu'ulu'u ko miƙar da takobi, ba a lamunce shi sai idan mai aikin ya kauce wa yadda ake yi. Filashin kam akwai kasada, wayar da ƙwaƙwalwarta ta riga ta gaji tana iya mutuwa a hannun kowane gwani. To amma a nan ne kirak yake kayar da mai shi. Fasasshiyar manhaja tana tsayawa ne a shekarar da aka fasa ta, ba ta karɓar sabuntawa. Wanda ya ɗora ta a kan wayar da ta fito bayanta, ko ya zuba fayil ɗin wani samfuri don sunayen sun yi kama, yana iya kashe wayar ta daina ko karɓar caji, ko ya goge ɓangaren da lambar shaidar wayar, wato IMEI, take, wayar ta tashi amma ta ƙi ganin layi. Wannan ba kasadar sana'a ba ce, ganganci ne da kayan mutane, kuma cewa "dama can ta kusa mutuwa" ba ya wanke shi. Da ya gaya wa mai wayar gaskiya tun farko, cewa kayan aikina tsoho ne, ana iya dacewa ana iya rasawa, shi kuma ya ce a yi, da magana ta sauya, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ɓoyewar ce algus.

Akwai kuma amanar abin da ke cikin wayar. Kusan kowane kirak sai an kashe manhajar tsaron kwamfuta kafin ya yarda ya zauna, kuma mai saukewa ba shi da hanyar sanin abin da wanda ya fasa ya cusa a ciki, mutumin da bai san sunansa ba balle garinsu. Ga wannan kwamfuta ake jona wayoyin jama'a ɗaya bayan ɗaya. Mutanen Dutsin-Ma da Kurfi ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan matsayin waya a rayuwa. Suna cikin ƙananan hukumomi 13 da aka yanke wa layukan sadarwa a watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, saboda 'yan bindiga, sun ga yadda ciniki da zumunci suka tsaya cak na watanni. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 kuma ya tura har mai sayar da ƙosai buɗe OPay ko Moniepoint. Waya a yau asusu ce, ga hotunan iyali, ga saƙonnin da ke tsakanin miji da mata. Wanda aka ba ajiya ya kai ta inda shi kansa bai amince ba, ya yi sakaci ko da ba a yi sata ba. Ba na ma son tsayawa a kan yaron shagon da ke leƙa hotunan mata kafin ya goge, wannan ba ya buƙatar fatawa.

Mai haƙƙi na ƙarshe ba ya wurin, kuma ba zai taɓa zuwa ya yi ƙorafi ba, don bai san inda wayarsa take ba. Tun 2015, daga Android 5.1, Google ta sa wani makulli da masu gyara ke kira FRP: idan aka goge waya da ƙarfi, ba za ta buɗe ba sai an shigar da adireshin imel da lambar sirrin mai ita na baya. Apple ta riga ta da irin wannan tun 2013. Wannan makulli ba don ribar kamfani aka yi shi ba, an yi shi ne don wayar sata ta zama ba ta da amfani a hannun ɓarawo. Duk wanda ya cire shi ba tare da bincike ba, shi ne ya mayar wa satar da darajarta. Ƙwacen waya ya kai matsayin da a watan Mayu na 2023 majalisar tsaron jihar Kano ta ayyana shi a matsayin fashi da makami, bayan an rasa rayuka a kan tituna saboda wayar hannu. Yaron da ya soka wa mutum wuƙa ya fizge waya ya yi haka ne da sanin cewa akwai teburin da za a wanke masa ita cikin minti kaɗan, kuma wayar da aka ƙwace a wani gari ba a garin ake cika buɗe ta ba. A nan babu bambanci tsakanin kirak da dongul na asali. Wanda ya sayi lasisinsa da halaliyarsa, ya buɗe wayar sata da shi, laifinsa ya fi na mai kirak da ya gyara wa tsohuwa wayarta nesa ba kusa ba. Aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan zunubi da ƙetare iyaka, kuma a kan ƙa'idar toshe kafar ɓarna ne Malikawa suka hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa, da sayar da makami ga ɗan fashi. Maƙerin da ke yanka mabuɗi sana'arsa halal ce, amma idan baƙo ya zo da tsakar dare ya nuna masa ƙofar wani gida ya ce a buɗe, ba wanda zai karɓi uzurinsa cewa shi ƙarfe kawai ya sani.

Haka hukuncin yake ga wayoyin da ake saya biya-kaɗan-kaɗan ta hannun kamfanoni irin su Easybuy da M-KOPA, waɗanda ke kulle kansu idan an yi jinkirin biya. Mutum na iya samun ja a kan tsarin bashin da ƙarin da ke cikinsa, kuma wannan tattaunawa ce ta daban da ta cancanci malamai su zauna a kanta, amma wanda ya karɓi kaya bisa alkawari, ɓalle makullin don ya tsere wa sauran kuɗin cin dukiyar mutane ne. Lambar IMEI ma haka. Mayar wa waya lambarta ta asali, wadda ke rubuce a kwalinta ko a bayanta, gyara ne. Rubuta mata wata lamba daban kuwa ɓatar da sawu ne, shi ya sa Birtaniya ta mayar da shi laifi tun 2002, kuma a yankin da ake kiran iyalan wanda aka sace ta waya ana cinikin fansa, ba sai an faɗa wa mai gyara wa ke buƙatar wayar da ba a iya bibiya ba.

Hujja mafi ƙarfi a ɓangaren masu gyara ita ce wadda ta fito daga halin jama'armu. Yawancin masu zuwa cire FRP ba ɓarayi ba ne. Dattijo ne da aka buɗe wa imel a shagon da ya sayi wayar, bai taɓa sanin sunansa ba. Mace ce da mijinta ya rasu ya bar waya a kulle. Ɗalibi ne da ya sayi kwance a hannun abokinsa da ya gama karatu ya koma garinsu. Rasit kuwa, wa ke ajiye shi? Idan injiniya ya ce sai da takarda, zai kori masu gaskiya goma don ya tare ɓarawo ɗaya, shi ma ɓarawon tebur na gaba zai matsa. Sannan asalin hukunci shi ne abin da ke hannun mutum nasa ne, kuma an hana mu munana zato. Duk wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa ban ce a daina cire FRP ba. Sai dai riƙon hannu hujja ce matuƙar babu alamar da ta saɓa masa, kuma waya da ke neman sunan wani alama ce da ke tilasta a yi tambaya. Cewa wani zai yi idan ban yi ba kuwa, ba a taɓa karɓar ta uzuri a wani babi na fiƙihu ba.

Shari'a ma ba ta bar mu da zaɓi biyu kawai, takarda ko rufe ido, ba. A babin tsintuwa, wanda ya zo neman abin da ya ɓace masa ana tambayarsa ya siffanta jakar da igiyar da aka ɗaure ta da abin da ke ciki, kuma a wurin Malik idan ya siffanta daidai ana ba shi ba tare da an nemi shaidu ba. Mai waya na gaskiya ya san lambar layin da ke cikinta da wanda ya saba kira, ya san inda ya saya da nawa, ya san dalilin tsagewar da ke gefen gilashin, kuma ba ya jin haushi idan aka rubuta sunansa da lambarsa da IMEI ɗin wayar a littafin shago, ko aka ce ya zo da wanda ya san shi. A ƙasar Yandaka da ta Maradin Katsina, wato Dutsin-Ma da Kurfi, inda mai unguwa ya san gidan kowa, samun mai shaida ba aikin yini ba ne. Wanda ya zo da waya mai tsada ba layi a ciki, bai san komai a kanta ba, yana gaggawa, yana kuma shirye ya ninka kuɗin aiki, ya riga ya amsa tambayar kafin a yi masa ita. Matar mamaci kuwa ana buɗe mata, bayan an tabbatar sauran magada sun sani, domin wayar da kuɗin da ke asusun cikinta sun shiga gado tun ranar rasuwar.